Buhunan Gara

Ni dai tun asali ba mai saurin yarda ba ne, sana'ar hoto kuma ta ƙarasa lalata ni. Wanda ya yi shekaru yana kallon mutane suna aron riga, aron agogo, har rediyo su aro su rungume don a ɗauke su, ai dole ya daina yarda da abin da ido ya nuna mashi. Shagona yana bakin kasuwar Tasawa. Ɗaki ɗaya ne da labule mai zanen gidan sama, sai ƙuryar da nake wanke hoto, sai allon gilashi a waje inda nake kafe waɗanda suka yi kyau don masu wucewa su gani su yi sha'awa.

Shekarar da nake ba da labari shekarar fari ce, zamanin soja. Aiki ya mutu murus. Wa zai zo hoto da ciki wayam? In ba na katin ɗan ƙasa ba, sai in wuni ina korar ƙuda. Ga shi an fara gudunmu, wai duk hoton da muka wanke sai mun kai ɗaya biro, wato ofishin kumandan mai mulkin yankin. Ƙarya ce, amma a lokacin kowa yana zargin kowa, ko tari ka yi sai an waiwaya a ga wa ke kusa.

Wani abu kuma yana cina a rai. Na je ƙauyenmu bayan garin Cake na tarar da mahaifiyata tana jiƙa anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai sun kwana da kwanaki a ruwa kafin su ciwu. An ce an kawo hatsin taimako yankinsu, ita dai tiya biyu ta gani, kwanon awo biyu kacal. Autan yayata kuma na tarar an rufe shi da kwana uku. Na dawo Tasawa da wuta a cikina. Duk wanda ke riƙe da makullin mangaza, inda ake ajiye hatsin taimako, a wurina ɓarawo ne ko da kuwa limami ne.

Ran wata Lahadi, ranar kasuwa, wani tsoho dogo siriri ya yi sallama a ƙofar shago. Rigarshi ta sha wanki har ana hango singileti. Bai shiga ba sai da ya dubi hagu ya dubi dama.

"Kai ne mai hoto?"

"Ni ne, Baba. Na kati ne?"

"A'a. Armen ɗiyata za a ɗaura ran Alhamis, can gaban Urafane. Ba kiɗa, ba taro. Hoto uku nake so. Na maza, na amarya, sai na gara."

Wallahi sai da na yi dariya. Gara ita ce abincin da iyayen amarya ke raka ta da shi gidan miji, hatsi da mai da sauransu, don kada a raina ta. A shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, wani yana zancen gara! Da ya sunkuya zai zauna, sai wani ƙaton makulli ya leƙo daga wuyan rigarshi, ɗaure da igiya. Na tambaye shi na mene ne. Ya mayar da shi ciki da sauri, ya ce na mangazar garinsu ne, mutane suka ɗora mashi. Na ce a raina, to, ga ta nan.

Da zai tafi ya juyo. "Ɗana, hoton nan daga kai sai ni ko?"

"Daga ni sai kai, Baba."

Ban ji nauyin maganar ba lokacin da na faɗe ta. Abin da nake faɗa wa kowa ke nan.

Ran Alhamis na yi sammako, na zuba man esansi a mobilet, ɗan babur ɗina, na rataya kamarata mai ido biyu wadda ake leƙawa ta sama, da pelikil ɗaya, fim mai ɗaukar hoto goma sha biyu. Wanda ya san hanyar nan ya san rabi hawa ne rabi turi. Rairayi ya riƙe taya, ka sauka ka tura, ka zagi mobilet, ka zagi wanda ya sayar maka. Gefen hanya mushen shanu ne sun bushe, ko ungulu ta ƙoshi ta bar su. Na wuce ƙauyuka biyu ban ji ko kukan zakara ba. Sai da hantsi ya dubi ludayi na isa.

Garin bai yi kama da inda ake biki ba. Rumbuna duk an kware masu kai, ba hayaƙi, ba ƙamshin miya. Maza na zaune a gindin wata bishiyar bedi, da na kashe mobilet sai hira ta ɗauke. Na yi sallama, aka amsa a ciki-ciki. Wani ya ce, yadda zan ji, "Wanga ne? Allah Ya sa ba na kumandan ba ne." Na yi kamar ban ji ba, amma na riƙe. Mutumin da ba ya ɓoye komai, me ya haɗa shi da tsoron kumandan?

Cikinsu mutum ɗaya ne ya bambanta, mai ƙiba, babbar rigarshi ta sha sitati. Baffan ango ne, ya zo daga wajen Katsina. Shi ya yi mani bayani, don mai son magana ne. Iyaka a rufe take, ango da mahaifiyarshi suna can, shi ma ta daji ya ratso da ƙafa. Amarya za a iya ratsawa da ita haka, amma hatsi soja sun hana fita da ko tiya ɗaya. Shi ya sa aka shirya gara ta zauna nan har a buɗe iyaka, hoto kuma ya tafi.

"Matar yayana mace ce mai son gani da ido," in ji shi yana dariya. "In ba ta ga shaida ba, yarinyar nan ba za ta sha ruwan gidan da daɗi ba. Gori zai ishe ta."

Aka shafa fatiha, aka raba goro ɗan kaɗan, kowane an tsaga shi biyu. Na jera maza suna fuskantar rana, dogaye a baya, na ce kowa ya buɗe ido kada ya ƙifta. Mutanen ƙauye in za a ɗauke su sai su ƙame kamar an zo kamun haraji, amma waɗannan ba kamara suke kallo ba, ni suke kallo. Na ɗauki biyu.

Daga nan aka shigar da ni cikin gida. Wata tsohuwa ƴar ƙarama mai sanda, gwaggon amarya, ita ke da iko a wurin. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai hoton? Na ɗauka babban mutum ne. To ka ɗauke ta da kyau, in ka fito mani da ita baƙa sai na karya akwatin nan."

"Gwaggo, akwati abin da ya gani yake faɗi."

"To yau ya koyi ladabi."

Amaryar cikakkiyar budurwa ce, an ce a kasuwar Urafane suka haɗu da angon yana sayar da atamfa, ita ta ce shi take so. Da gwaggo ta ɗaga mata mayafi sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, ƙawaye na tsokanarta. Lalle ya kama da kyau, amma awarwaro har gwiwar hannu yake zamewa don rama. Na sa aka matsar da tabarma bakin inuwa don hasken ya sauka a fuskarta ba tare da ta runtse ido ba. Wannan hoton, ko yau aka tambaye ni, yana cikin mafi kyau da na taɓa ɗauka.

Sai aka ce saura gara.

Tana ƙarƙashin wata rumfa jikin katanga. Buhu goma sha biyu, an jera su hawa uku, an rufe gabansu da tabarmi sabbi. Na sama an buɗe bakinshi, gero ya cika fal, jajir, wankakke. Na tsaya kamar an dasa ni. Rabona da ganin hatsi haka a gidan mutum ɗaya tun kafin farin. Fuskar mahaifiyata ta faɗo mani, tana tsame anza daga ruwa.

Na matsa kamar ina neman wurin tsayawa, na kai hannu zan dafa buhu ɗaya. Ban ankara ba sanda ta sauka a bayan hannuna, ƙwal!

"Hannunka! Hoto aka kira ka, ba awo ba."

Baffan ango ma ya matso, yana cewa masha Allah, zai tura hannu cikin geron. Nan take mutum biyu suka tare shi, wai ga wani dattijo can yana son su gaisa. Suka ja shi gefe da hira. Na lura da wannan. Na kuma lura yara sun cika gidan, ƴan ƙanana masu manyan ciki, amma ba ɗaya da ya ko kalli buhunan. Yaro mai yunwa ya ga gero a buɗe ya kau da kai? Na ce lallai an yi masu kashedi mai tsanani, garin nan duka bakinsu ɗaya, an raba da su.

Ta gefen wata tabarma na hango jan rubutu a jikin buhu. Gabana ya faɗi, don na san shi. Na ce da ƙarfi, yadda baƙon zai ji, "Baba, a cire tabarmin nan. Hoton tabarma za a kai ko na buhu?"

Tsohon ya dube ni.

"Gaskiyar mai hoto," in ji baffan ango daga inda yake. "A cire, don ta ƙirga da kanta."

Aka janye tabarmi. Duka goma sha biyun buhunan taimako ne, da rubutun Turawa da tambarinsu ɓaro-ɓaro. Baƙon bai damu ba, ba ƙasarsu ba ce, shi lissafi kawai yake yi da yatsa. Na tsayar da tsohon a gefen buhunan, na leƙa, na daidaita har rubutun ya fito tsaf ana iya karantawa. Na ɗauka sau uku, abin da ban taɓa yi wa kaya ba.

Da zan tafi aka kawo mani fura a ƙwarya, tsararo, ruwa ya fi gari yawa. Na ce na ƙoshi. A raina cewa nake, ku ji munafunci, buhu goma sha biyu a rumfa suna ba baƙo ruwan wanke ludayi. Tsohon ya rako ni har wurin mobilet, ya riƙe mani ita na hau. Ya ce Allah Ya kai ni lafiya. Ban amsa da kyau ba.

Washegari na rufe ƙurya na wanke. Duk sun fito. Na buga ukun da ya ce, sannan na ɗauki na garar na buga babba, wanda ya fi kowane girma a shagon. Ran Lahadi tsohon ya zo da kanshi ya karɓa. Ya daɗe yana kallon na ɗiyarshi, ya sa su a aljihun gaba, ya yi godiya ya tafi. Ko kwanar kasuwa bai sha ba na buɗe allon gilashi na kafe babban a tsakiya.

Bari in faɗi gaskiya a nan, don na daɗe ina yi wa kaina ƙarya. Ban je biro ba, ban kai ƙarar kowa ba. Shekaru ina cewa ai abin da na saba ne, hoto ya yi kyau na kafe. Amma na san mai tsiren da zandarmomi, ƴan sandan soja, ke saye wurinshi yana dab da shagona, na kuma san ran kasuwa ba su fashi. Na sani sarai. So nake a gani.

Kafin la'asar shef, babban zandarmomin, yana tsaye gaban allo, tsinken tsire a hannu. Ya karanta rubutun, ya leƙo ciki.

"Mai hoto, ina ne nan?"

Na faɗa mashi. Ban ko yi jinkiri ba.

Litinin da safe suka ɗauke ni a bayan motarsu in nuna hanya, shi da yaranshi biyu. A lokacin wanda aka kama da hatsin taimako ba a tambayar ranar dawowarshi. Na san haka, kuma ina zaune a bayan mota ina jin kaina kamar wani gwarzo.

Mun isa kafin azahar. Jin ƙarar mota ya fito da gari duka. Baffan ango yana nan, ashe washegari ne za su ratsa da amarya. Shef ya shiga gidan kai tsaye da hoton a hannu, muka bi shi. Buhunan na nan yadda na bar su, sai dai na saman an ɗinke bakinshi. Gwaggo ta gan ni bayan zandarmomi, ta kau da kai.

"Kai ne mai makullin mangaza?" in ji shef.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wannan fa?"

Tsohon ya dubi buhunan, ya dubi baffan ango da ke tsaye a bakin rumfa. Sai ya matso kusa da shef, ya rage murya, amma ina kusa, na ji.

"Ranka ya daɗe, ni na ɗiba. Daga mangaza na ɗiba. Ku tafi da ni."

Ya miƙa hannuwanshi biyu a haɗe. Na ji wani sanyi a raina, na ce ai ga shi, ya amsa da bakinshi.

Shef ya ce a kwashe buhunan a sa a mota. Tsohon ya sha gabansu. "A bar su nan, don Allah. A rufe ɗaki a sa makulli, ba mai taɓawa. Ni dai ku tafi da ni yanzu." Aka ture shi gefe, ba da ƙarfi ba. Zandarmomi biyu suka kama buhu ɗaya na ƙasa-ƙasa, suka ɗaga, suka kasa. Suka sake, ya ɗan motsa. Ɗayansu ya ce, "Shef, wannan nauyin ba na hatsi ba ne."

Shef ya zaro wuƙa. Tsohon ya ce, "Don girman Allah," bai ƙarasa ba. Wuƙa ta shiga, rairayi ya zubo, fari tas, irin na bayan gari. Ya soki na biyu, rairayi. Na uku, rairayi. Ya farke na saman, gero ya zubo kamar tiya uku, daga nan sai rairayi ya biyo.

Wata mata daga cikin ɗaki ta fashe da kuka. Gwaggo ce ta yi magana, ba shef take kallo ba, ƙasa take kallo. Ta ce buhunan wofi ne da suka rage bayan rabo, geron kuma gida-gida aka bi, kowa ya kawo ɗan abin da ya iya, da sharaɗin in baƙo ya tafi a mayar mashi. Ta ce ɗan'uwanta ya yi niyyar in Allah Ya kawo damina ya zubar da rairayin ya cika su da gero na gaskiya, kafin a buɗe iyaka, ba wanda zai taɓa sani. Shi ya sa yara ba su kalli buhunan ba. Su suka ɗebo rairayin.

Shef ya sa aka buɗe mangaza, ya duba takardun rabo, ya ƙirga abin da ya rage. Ko tsaba ba ta ɓata ba. Ya dawo yana dariya har da riƙe ciki, yaranshi na taya shi. Ya dafa kafaɗar tsohon.

"Baba, ba ka da laifi. Amma kai ma da rigima! Ka amsa satar da ba ka yi ba?"

"Ba za ku tafi da ni ba?"

"Mu kai ka ina? Zauna gidanka."

Tsohon ya zauna a ƙasa, nan cikin rairayin da ya zube. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, da tsanar kaina. Mutumin nan ya zaɓi kurkukun soja a kan a tona asirin ɗiyarshi gaban dangin miji, ni kuma na kawo mashi abin da ya fi kurkukun.

Baffan ango bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi sauƙi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da hotunan nan uku, ya ware na garar, ya ajiye shi a hankali kan buhun da aka farke. Sauran biyun ya juya su a hannu, kamar yana shawara, sannan ya ajiye su su ma. Ya ce, "Malam, zan koma in faɗa masu abin da na gani. In sun ce a zo a ɗauke ta, za ka ji." Ya shiga masaukinshi ya ɗauko jakarshi. Mutane suka bi shi suna ba shi haƙuri har bakin gari, bai tsaya ba.

Amarya ta fito daga ɗaki, ba mayafi, lallen hannunta bai ko fara gogewa ba. Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta fara tsince geron daga cikin rairayi tana zubawa a ƙwarya, don na mutane ne, sai an mayar masu.

Shef ya ce in zo mu tafi. Na zo wucewa ta gaban tsohon, sai na tsaya. Na durƙusa na ce, "Baba." Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarshi, tambaya ce kawai, ta mutumin da yake son ya gane.

"Ɗana, mi na yi maka?"

Direba ya danna odar mota. Na tashi na bi su, na hau bayan mota, ban ba shi amsa ba. An yi damina mai kyau a shekarar da ta biyo, an kuma buɗe iyaka daga baya. Na tambayi masu zuwa kasuwa daga wajen Urafane, suka ce ba a zo ɗaukarta ba.